Biyana, Garin da Ake Cin Zane da Cokali Mai Yatsu

Kafin tafiyar nan, sanina da Biyana bai wuce abin da nake ji a rediyo ba: can ministocin ƙasashe masu arzikin mai suke haɗuwa a hedikwatar OPEC, su yanke yawan gangar da kowa zai haƙo. Saboda haka da aka ce za a tura ni taron aiki na mako guda a babban birnin na Ostiriya cikin watan Nuwamba, manyan ofisoshi da mutane masu kwat kawai nake hange. A gida kowa ya kawo saƙonsa, mai takalmi da mai turare. Ƙanwata da ke sana'ar kek a Zariya ita kaɗai ce ba ta ce in sayo mata komai ba. Ta biyo ni har bakin mota ta ce, "Yaya, duk inda ka ga kek ka ɗauko mini hoto. Kuma don Allah ka ɗauka kafin ka ci, na san halinka." Na ce to, amma a raina cewa nake yi kek ai kek ne, fulawa da ƙwai da sukari, me za a gani?

Sanyi ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Ni da nake taƙama da hunturun Zariya, ashe namu wasan yara ne. Wanda ya tarbe ni wani ɗan Damagaram ne, abokin abokina, yana karatu a can, Jamusanci a bakinsa kamar da shi aka yaye shi. Ya dubi 'yar rigar sanyin da na sa ya ce, "Malam, da wannan ka zo yaƙi?" Ya tuɓe tasa ta sama ya yafa mini, muka shiga jirgin ƙasa.

Ya ce kafin masauki sai na ga wani abu. Muka hawo daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsakiyar gari, ina ɗaga kai sai ga majami'ar Stephansdom a kanmu. Hasumiyarta mita 136 ce, amma ba ita ta tsayar da ni ba, rufin ne. An jera masa tayil masu ƙyalli kimanin 230,000, kore da rawaya da baƙi da fari, a karkace, hawa da sauka, kamar an ɗauko wata ƙatuwar hular zanna an kifa wa ginin. Abokina ya ce wuta ta cinye rufin a 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suka mayar da shi da adonsa. Na ɗauki hoto na wuce, ban san zan sake haɗuwa da rufin nan a cikin faranti ba.

Washegari da yamma, bayan an tashi daga taro, muka bi wani titi da ake kira Kohlmarkt, wanda ya miƙe har ƙofar tsohuwar fadar sarakunansu, Hofburg. Sunan titin yana nufin kasuwar gawayi, amma yau ba gawayi ba ƙura, sai kantunan agogo da zinariya waɗanda ko kallon farashinsu sai ka yi bisimilla. Nan na ga mutane sun yi cincirindo a gaban wata taga. Na kutsa. A cikin gilashin akwai siffar wata mace, doguwa, sanye da riga mai faɗin gindi, an yi mata leshi tun daga wuya har ƙasa, ga furanni a hannunta. Na ce wa abokina, "Wannan kantin tangaran ne ko na 'yar tsana?" Ya yi dariya har da dafa bango. Ya ce, "Malam, duk sukari ne. Rigar, leshin, furen, duka." Ban yarda ba. Na manna goshi a gilashi ina neman zare ko ɗinki, har numfashina ya rufe mini gani.

Demel ke nan, gidan kayan zaƙi da aka kafa a 1786, wanda ya ƙaura zuwa wannan titin a 1888. Su ne masu yi wa fada kek da alewa a zamanin sarauta, kuma har yau suna rubuta wannan muƙamin a jikin kwalayensu, duk da sarautar ta faɗi tun 1918. Kamar dai a ce Sarkin Alewa, an naɗa shi, rawanin bai sauka ba. Tagar nan kuwa tana da tarihinta. Wani mai zane, Federico Berzeviczy-Pallavicini, ya auri 'yar gidan, ya mayar da tagar tamkar dandalin wasan kwaikwayo, yana tsara abin da za a nuna kamar yadda ake tsara zane a takarda. Daga baya gidan ya koma wasu hannuwa, al'adar ba ta mutu ba.

Muka shiga. Wata ma'aikaciya cikin baƙaƙen kaya ta zo ta yi magana, abokina ya fassara mini: "Wai sun riga sun zaɓa?" Na waiga bayana in ga su wa ake nufi. Babu kowa. Ashe ni ne "su". Al'adar gidan ce ba sa ce wa baƙo kai ko ku, sai su yi maganarsa kamar ba ya wurin, don girmamawa. Nan take na tuna da fada, inda dogari zai ce "Sarki ya gaishe ka" alhali Sarkin yana zaune bai buɗe baki ba. Na gyara zama, na ji ni ma wani ne.

A can ciki akwai bangon gilashi, bayansa kuma ma'aikata ne cikin fararen kaya suna aiki a idon jama'a. Na daɗe a tsaye. Wani saurayi yana juya kek a kan faifai da hannun hagu, dama kuma riƙe da wuƙa marar kaifi, yana shafe gefen da kirim. Bai motsa wuƙar ba, kek ɗin ne yake zagayowa ya same ta, daidai yadda maginin tukwane yake yi da yumɓu. Babu hira, babu rediyo. In ya gama sai ya durƙusa ya daidaita idonsa da saman kek ɗin, kamar birkila yana duba layin bulo.

Abin da na fara ci shi ne wanda garin ya yi suna da shi, Sachertorte. Gaskiya da aka ajiye mini na ji an cuce ni. Bayan matar leshin nan ta taga, sai ga wani yanki baƙi wuluk, ba fure ba zane, sai ɗan hatimin cakulan a kai da tulin farin kirim a gefe. Na ce, "Wannan ne ake ta kururutawa?" Abokina ya ce in ci tukuna, ya ba ni labari. Kamar yadda suke faɗa, a 1832 wani yaro ɗan shekara 16, Franz Sacher, yana koyon girki a gidan Yarima Metternich, babban mai dafa abinci ya kwanta rashin lafiya, aka ce yaron ya fitar da abin zaƙi ga baƙi. Ɗansa Eduard ya koyi aiki a Demel, daga baya ya buɗe otal ɗin Sacher a 1876. Daga baya gidajen biyu suka shiga jayayya kan wane ne yake da ikon kiran nasa na asali, har gaban alƙali, shekara da shekaru, sai a 1963 aka sasanta. Otal ɗin ya riƙe kalmar "asali" da hatimi zagayayye, Demel ya ɗauki hatimi mai kusurwa uku. Cikin abin da aka yi ta musu a kai har da jam: a tsakiyar kek ake shafa shi, ko a ƙarƙashin cakulan kaɗai? Na ce lallai mutanen nan sun ƙoshi. Mu gona da gado suke kai mu kotu, su kuwa jam.

Amma da na karkata farantin wajen fitila sai na ga abin da ban gani ba da fari. Saman kek ɗin sumul yake, ba tabon wuƙa ko ɗaya, yana ɗaukar haske kamar fatar da dukawa suka gama gogewa. Cokali ya taɓa shi ya ɗan yi ƙas kafin ya shige. A ƙasa ga tsamin jam ɗin wani ɗan itace da suke kira Marille, kirim ɗin kuma ba sukari a cikinsa, don ya kashe kaifin zaƙin. Daga baya aka bayyana mini cewa wannan sumul ɗin shi ne jarrabawar. Ana dafa sukari da ruwa da cakulan har su yi danƙo, a ɗan murza a kan faifan dutse mai sanyi, sannan a kwarara a kan kek a zubi ɗaya, a bi da wuƙa sau biyu ko uku a ɗauke hannu. In ya yi zafi da yawa ya dushe, in ya huce ya ƙi gudu. Mai fure yana iya ɓoye kuskurensa a ƙarƙashin fure. Wannan ba shi da wurin ɓuya.

A wani kanti dabam na kusa yin ta'asa. Na hangi wasu 'yan kek masu kusurwa huɗu, ruwan hoda, suna sheƙi, na nuna da yatsa a ba ni biyu. Abokina ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, tsaya. Wannan Punschkrapfen ne, da giya ake jiƙa cikinsa." Na ce a'uzubillahi, abu kamar na 'yan yara? Tun daga ranar ba na kai komai baki sai ya tambaya. Masu kantunan kuwa ba sa jin haushi, za su gaya maka wanne ne da giya, wanne ne babu, har su nuna maka wani a madadinsa. Na yaba musu da wannan. Haka na yaba da yadda suke kawo kofi a ɗan faranti tare da kofin ruwa, ka zauna awa biyu kana karanta jarida ba mai ce maka tashi. Mai shayin unguwarmu ma yana haƙuri da mu, amma shi yakan fara kwashe kofuna da ƙarfi in zaman ya yi yawa.

Ranar da ba mu da taron rana abokina ya ce zai kai ni gidan zane. Na ce saƙon kek aka ba ni. Ya ce, "Ai shi ya sa." Muka hau taragon cikin gari zuwa Belvedere, fadar da aka gina wa wani sarkin yaƙinsu, Yarima Eugen, yanzu an mayar da ita gidan ajiye zane-zane. A wani ɗaki mutane sun taru tsit, kowa da waya a sama. Zanen Gustav Klimt ne, wanda ya yi tsakanin 1907 da 1908, tsawonsa da faɗinsa duka santimita 180. Namiji da mace ne a rungume. Na ɗan sunkuyar da kai, don ɗan Zariya ne ni, ga kuma dattawa a wurin. Da na saci kallo sai kunyar ta tafi, domin mutanen ma da ƙyar ake ganinsu, fuska ce da hannu da ƙafa, sauran duk tufa ce ta zinariya. Zinariya ta gaske, fallaye marasa kauri da aka manna a jikin zanen. Mayafin namijin cike yake da dogayen murabba'ai baƙi da fari da toka, rigar macen kuma da'irori ne da furanni masu launi. Ko ba a gaya maka ba, adon kaɗai ya raba maka su.

Mahaifin Klimt maƙerin zinariya ne, mai sassaƙa ado a jikinta, shi kuma a 1903 ya je Rabenna ta Italiya ya ga tsofaffin bangayen majami'u da aka yi wa ado da gutsattsarin gilashi da zinariya, ya dawo da abin a kansa. Wato shi ma gani ya yi a bangon wasu. Ni kuwa da na matsa kusa, allon zayyana na tuna, irin wanda ake yi wa yaro ranar saukar karatu, inda mai zayyana yake cika kowane lungu da murabba'i da da'ira har ido ya rasa wurin hutawa.

A hanyar dawowa muka ratsa ta wani farin gini mai ƙwallon zinariya a ka, wanda Klimt da abokansa suka gina a 1898 bayan sun ɓalle daga ƙungiyar tsofaffin masu zane. Ƙwallon dubban ganyaye ne na ƙarfe da aka shafe da zinariya. Mutanen gari suna kiransa kabejin zinariya. Na ce ashe baƙar magana ba a Kano kaɗai take ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai ya faru ne a wani ƙaramin gidan kek a bayan gari, nesa da masu yawon buɗe ido. Abokina ya taɓa yin aikin wanke-wanke a wurin lokacin hutu, sai ya roƙi mai gidan ta bar ni in shiga ciki. Dattijuwa ce, gajera, hannuwanta kamar na mai daka. Ta sa na wanke hannu har gwiwa, ta ɗaura mini gyale a ka, ta nuna mini kusurwar da zan tsaya kada in tare hanya.

Ta fara da abin da ta ce shi ne alif ɗin sana'ar. Ta yanki takarda mai kusurwa uku, ta naɗe ta da yatsu uku ta zama mazurari mai tsini, ta zuba farin ayisin, ta datse bakin da almakashi. Ayisin ɗin farin ƙwai ne da garin sukari kawai, an buga har ya tsaya. Ta ɗaga hannu sama da kek ɗin, tsinin bai taɓa shi ba, zaren sukari yana saukowa tana kwantar da shi inda take so. Na ce da ƙarfi, "Wannan ai ƙunshi ne!" Abokina ya rasa yadda zai fassara. Na lalubo hoton hannun wata amarya a wayata, na nuna mata yadda masu zanen lalle a wajenmu suke naɗe leda su huda bakinta su zana fure a bayan hannu. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, tana faɗaɗa hoton da yatsa. Ta ce, ta bakin abokina, "Wadda ta yi wannan, in ta zo nan gobe zan ɗauke ta aiki. Fata tana motsi, tana gumi. Kek yana zaune lafiya."

Ta ba ni mazurarin in gwada. Na matsa, ba abin da ya fito. Na ƙara ƙarfi, takardar ta fashe ta baya, ayisin ya cika mini hannun riga. 'Yan matan da ke aiki suka juya baya suna dariya a ɓoye. Ta ce matsi daga babban yatsa yake fitowa, ɗaya hannun jagora ne kawai, kuma a riƙe numfashi har layi ya ƙare. Ɗalibanta sukan yi watanni suna jan layi da ɗigo a bayan faranti, a kankare a sake, kafin a bar su su taɓa kek na sayarwa.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. Ta nuna mini bakunan ƙarfe da ake sa wa leda, mai haƙora yana fitar da tauraro, mai tsaga yana fitar da ganye, mai lanƙwasa yana fitar da fallen fure. Ta murza marzifan, wato niƙaƙƙen almon da sukari, ta yi ɗan lemo da shi, ta birgima shi a jikin magogi don ya yi ƙurajen ɓawo. Ta zuba farin ruwan sukari a kan wani kek da ake kira Esterházy, ta ja siraran layukan cakulan a kai, ta ɗauki tsinin wuƙa ta ja ta tsallaka su, sau ɗaya gaba sau ɗaya baya, kafin ya daskare. Cikin ƙiftawar ido layukan suka zama gashin zabuwa. Cakulan kuma ta ce yana da zuciya: a narkar da shi ya kai wajen digiri 45, a sauko da shi zuwa 27 a kan dutse, a ɗan ɗaga shi zuwa 31 ko 32. Wanda ya tsallake wannan zai ga cakulansa ya yi furfura, ya ƙi ƙyalli, ya ƙi karyewa da ƙara.

Da aka zo jan sukari kuwa na ce a nan ba baƙo ba ne ni. An dafa shi ya haura digiri 150, an zuba a shimfiɗa, wani ma'aikaci ya sa safar hannu yana ja yana ninkewa a ƙarƙashin fitila mai zafi, har ya tashi daga garau ya koma sheƙi kamar siliki. Haka na ga masu alewa suna yi tun ina yaro, su ja su ninka har ta yi fari, su yi mata jan layi su yayyanka. Bambancin shi ne wannan bai yanka ba. Ya tsinko kaɗan ya murza da yatsa ya zama fallen fure, ya sake, ya sake, sai ga fure cikakke. Wani gutsuren kuma ya sa masa bututu ya hura iska ya kumbura kamar ƙwan fitila.

Sai ta jawo wani littafi mai maiƙo a gefe, cike da zane da fensir da katunan da ake sayarwa a gidajen zane. Ta ce duk ranar hutunta gidan zane take zuwa, ko ta yi ta yawo tana kallon ƙofofi da rufin gidaje. Ta buɗe firij ta fito da kek biyu na wani biki. Na farko, gefensa hawa da sauka ne kore da rawaya da baƙi, an yanka ƙananan fallayen marzifan an jera su ɗaya kan ɗaya. Ban jira fassara ba na ce, "Rufin nan!" Ta yi murmushi. Na biyu kuwa cakulan ne baƙi, rabinsa murabba'ai, rabinsa da'irori, ta ɗauko fallen zinariya da busasshen buroshi, don in yatsa ya taɓa shi ya lalace, ta hura masa iska kaɗan ya kwanta. Zinariyar ana cin ta, ba ta da ɗanɗano ko kaɗan. Babu namiji babu mace a kan kek ɗin, amma duk wanda ya je Belvedere zai gane. Ta ce masu kwafe zanen gaba ɗaya su buga a takardar sukari su manna ba su kalli zanen ba. Ita takan tambayi kanta abu ɗaya: me ya tsayar da ni a gabansa? In launi ne ta ɗauki launi, in jeri ne ta ɗauki jeri, ta bar wa mai zane sauran kayansa. Launi ma ba ta wuce uku a kek guda.

Ganin ta sake da ni, sai na ce bari in yi taƙama da ƙanwata. Na nuna mata hotunan aikinta: kek mai 'yar tsana ta fim ɗin yara, mai tambarin ƙungiyar ƙwallon Ingila, mai hawa uku da fararen furanni irin na bikin Turawa. Ta ce hannun yana da tsabta, gefen a miƙe yake, kuma ba ta faɗa don daɗin baki ba, domin ta nuna wani wuri ta ce a nan bota ya fara narkewa. Sannan ta tambaya, "A wace ƙasa take?" Na ce Najeriya. Ta ce, "Ban gani ba."

Na ji abin har cikin ƙashi, amma ban sami amsa ba. Ina ta jan hotuna don in sauya magana sai na faɗa kan na hawan salla: ƙofar fadar Zazzau da zanenta masu launi, da wani dattijo cikin babbar riga mai aska takwas. Ta karɓe wayar daga hannuna. Ta kira 'yan matan nan duka su zo su gani. Ta bi askar da farce tana ƙirgawa, ta tambayi ko da hannu ake yi, na ce da allura da zare, wani ɗinkin yakan ci watanni. Abokina, da ya ga an yabi Zariya, kishi ya motsa, ya fito da hotunan gidajen unguwar Birni ta Damagaram da zanen da aka tono a jikin bangonsu. Muka tsaya a ɗakin girkin mutane muna musun wa ya fi wani iya ado, ita kuma ta buɗe littafinta tana kwafar dagi da fensir. Sau uku tana ɓata layin, ta rasa inda ya shiga da inda ya fito. Na ji daɗin wannan ƙwarai, na rama fashewar mazurarina.

Ranar ƙarshe na leƙa gidan Hundertwasser, wanda aka gama a 1985. Mai zanen da ya tsara shi ya tsani miƙaƙƙen layi, don haka bangon a karkace, kowane ɗaki da launinsa daga waje, itatuwa suna leƙowa ta taga. Baƙi suna ta mamaki. Ni dai na ga kamar ginin ƙasa na cikin birni bayan damina ta lashe masa kusurwa, sai dai an yi masa fenti. Ban daɗe ba, sanyi ya kore ni.

Na dawo da hotuna fiye da ɗari uku, da bakunan ƙarfe guda shida da dattijuwar ta ba ni kyauta a cikin takarda. Ƙanwata ta zauna a tabarma tana dubawa har aka kira isha'i. Da na ba ta labarin "ban gani ba" ta ɓata rai, ta ce ita matar ta san abin da masu saye suke so a Zariya? Uwa ta zo da hoto a waya ta ce irin wannan ɗanta yake so, za ki ce mata ga dagi? Kuma ita tana aiki a garin da ko'ina firij ne, ta zo nan a watan Afrilu a ɗauke mata wuta ta ga yadda bota yake zama miya. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce.

Bayan mako uku sai ga ta da faranti a rufe. Ta gwada aska takwas da kirim ɗin bota ya zube kafin la'asar, sai ta koma farin ƙwai da garin sukari, wanda yake bushewa ya yi tauri, zafi bai dame shi ba. Ta shimfiɗa fondan, wato kwaɓin sukari, shuɗi kamar shadda, ta kira ƙawarta mai ƙunshi ta ja mata zanen da farin zare na sukari tun daga wuya har aljihu. Aska ɗaya ta ɗan karkace. An kai shi walimar saukar ɗan maƙwabcinmu, aka rasa mai sa masa wuƙa, sai da kakan yaron ya ce a yanka masa wajen aljihun.

Wanda Allah ya kai shi Biyana, ya tafi da rigar sanyi ta gaske, ya ɗaga kai ya kalli rufin nan kafin ya shiga gidan kek, kuma ya tambayi abin da ke cikin mai ruwan hodar kafin ya kai baki.